Rifot ɗin Aji Uku da Gara Ta Ci

Ɗan yayata ne, ɗan farinta, don haka ba ta kama sunansa. "Yaron nan" take cewa, in kuma da ni take magana ta ce "ɗan naka". Mu Dogo muke ce masa tun lokacin da ya fara sunkuyawa kafin ya shiga ɗakin kakarsa. Ya gama sakandare a Zariya a 2022, shekarar da malaman jami'a suka yi yajin aikin wata takwas, daga Fabrairu har Oktoba. Ba karatu, ba sana'a, sai filin ƙwallon kwando safe da yamma. A Zariya kuwa wannan ba abin dariya ba ne, don a nan Masai Ujiri ya tashi, wanda ya shugabanci Toronto Raptors har ta ci kofin NBA a 2019. Duk yaron da ya haura ƙafa shida a Samaru ya haddace labarin.

A wani sansanin horo a Abuja aka ɗauki bidiyon Dogo. Cikin watan Nuwamba saƙo ya shigo wayarsa daga mataimakin kocin wata ƙaramar jami'a a Amurka. Yaya ta aiko a kira ni, ta miƙo mini wayar kamar mai miƙa garwashi.

"Kai ne malamin makaranta. Duba mana, kada 'yan damfara su raba mu da ɗan abin da muke da shi."

Ba damfara ba ce. Na nemo shafin jami'ar, na ga hoton mutumin da sunansa, muka yi magana ido da ido ta waya. Ya ce suna son yaron, za su ɗauki nauyin karatu da ɗaki da abinci. Amma ko riga ba zai iya ba shi ba sai hukumar wasannin jami'o'i ta Amurka, NCAA, ta wanke shi. Tana da ofishi a Indianapolis wanda aikinsa ke nan: tantance ko ɗalibi ya cancanci wasa. Abu biyu suke dubawa, karatunsa, da kuma ko ya taɓa cin kuɗin wasa irin na ƙwararru.

Shekara goma sha tara ina koyar da lissafi, na ɗauka takardun makaranta ba za su ba ni tsoro ba.

Ƙa'idar rukuni na ɗaya cikin rukunan da NCAA ta kasa jami'o'i, inda jami'ar take, ita ce darussa 16 na ginshiƙi cikin shekaru huɗun ƙarshe na sakandare: Turanci huɗu, lissafi uku, kimiyya biyu, ƙarin ɗaya daga cikin waɗannan ukun, biyu na ilimin zamantakewa irin su tarihi da gwamnati, sai ƙarin huɗu. A tattara makinsu a fitar da matsakaici bisa huɗu, kada ya gaza 2.3. Wanda ya faɗa tsakanin 2.0 da 2.3 za a iya ba shi tallafin karatu, ya yi atisaye, amma ba zai buga wasa ba a shekarar farko. Wanda ya gaza 2.0 kuwa babu wasan, babu tallafin.

Bayan darussan da makin, sharaɗin karatu na uku shi ne SAT, jarrabawar shiga jami'a ta can. Na sayi littafinta, mai kaurin bulo, na zaunar da Dogo kullum bayan isha'i a ƙofar gida da fitilar caji. Lissafin bai ba shi wahala sosai ba, don na WAEC ya fi shi zurfi a wasu wuraren. Turancin ne ya zame masa ƙarfen ƙafa. Dogayen nassoshi, agogo na tafiya, ga tambayoyi a kan rayuwar da bai taɓa gani ba. Wata biyu muna haka. Sai a Janairun 2023 labari ya zo cewa NCAA ta soke sharaɗin SAT da takwararta ACT gaba ɗaya a rukuni na ɗaya da na biyu. Tun 2020 aka dakatar da shi saboda korona, yanzu aka binne shi. (Ashe tun farko ma ba lallai ne ya rubuta ba. Tsohon bayani na karanta, ban kuma tambayi kowa ba.)

Dogo ya yi tsalle har ya kusa taɓa silin. Ni haushi na ji. Ban da kuɗin littafi, akwai abin da ke ran kowane malami: in ka cire jarrabawa, da me za ka gane wanda ya iya?

Haka na tambayi matar da ke kula da bin dokokin NCAA a jami'ar, wadda kocin ya haɗa mu da ita. Baƙar fata ce, za ta kai hamsin, mai magana a hankali. Madam nake ce mata. Ƙarfe biyun ranarsu ita ce takwas ɗin darenmu, don haka hirarmu duk bayan isha'i ce. Da na yi tambayar sai ta cire tabarau ta ajiye, ta ce wanta yana cikin yaran farko da Doka ta 48 ta NCAA, wadda ta kafa sharaɗin SAT, ta kama. Ya samu gurbi, ya gaza makin SAT, ya zauna shekara guda yana kallon abokansa daga benci. Abin da bai manta ba har yau shi ne sunan dokar ya zama sunansa. In ya shiga fili a jami'ar abokan hamayya, 'yan kallo su riƙa rera masa "Prop 48". Ya gama digirinsa, yanzu malamin makaranta ne kamar ni.

Daren nan ban yi barci da wuri ba, na bi tarihin abin.

A Janairun 1983 NCAA ta zartar da Doka ta 48, ta fara aiki a 1986. Sharaɗinta: matsakaicin 2.0 a darussa 11, da maki 700 a SAT ko 15 a ACT. Ba haka kawai aka yi ta ba. Akwai labarin Kevin Ross, wanda ya yi shekara huɗu yana buga wa jami'ar Creighton ƙwallon kwando, ya fito a 1982 bai iya karatu ba, har ya koma makarantar Marva Collins a Chicago ya zauna cikin ƙananan yara yana koyon haɗa baƙi. Akwai Dexter Manley, shahararren ɗan ƙwallon Amurka, wanda ya tsaya gaban wani kwamitin majalisar dattawa a 1989 ya ce ya ratsa jami'ar Oklahoma State bai iya karatu ba. Jami'o'i suna tatsar gumin yaran, su cika filaye da 'yan kallo, in ƙarfi ya ƙare a sallame su hannu rabbana. Da na karanta wannan na ce ai gaskiyata ce, dokar tana da amfani.

Sai na ci gaba. Shugabannin jami'o'in baƙar fata na tarihi, irin su Grambling da Southern, sun yi tsaye a kan dokar tun ranar farko. Hujjarsu ita ce SAT tana auna makarantar da ka fito da aljihun ubanka kafin ta auna kanka, kuma kowa ya san irin makarantun da aka bar wa unguwannin baƙaƙe. A 1989 aka ƙara tsanantawa da Doka ta 42, wadda za ta hana irin waɗannan yara tallafin wasanni ma baki ɗaya. Ranar 14 ga Janairun shekarar, John Thompson, kocin Georgetown, ya fice daga fili ana shirin fara wasa da Boston College, bai kuma zauna a bencinsa ba a wasa na gaba. John Chaney na Temple shi ma bai yi shiru ba. Shekara na zagayowa aka sassauta dokar.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne ba duk baƙaƙen ne ke gefe guda ba. Arthur Ashe, zakaran tanis, ya goyi bayan a tsaurara. Haka masanin zamantakewa Harry Edwards ya goyi bayan Doka ta 48. A ganinsu, cewa yaro baƙi ba zai iya cin 700 ba shi ne babban raini, kuma in ka sa ƙa'ida makarantu da iyaye za su tashi tsaye. Wannan ita ce maganar da nake yi wa iyayen ɗalibaina kowane zango.

Daga baya aka kawo Doka ta 16, darussa suka koma 13, aka yi sikeli: in makin ajinka ya yi sama, a rage maka na SAT, amma akwai ƙasan da ba a saukowa, wato 820 a sabon lissafin jarrabawar. Alƙaluman NCAA da kanta, waɗanda suka fito a kotu, sun nuna cewa a 1996 kashi 26.6 cikin ɗari na baƙaƙen da jami'o'i ke nema sun gaza ƙa'idar, fararen kuwa kashi 6.4. Wasu 'yan tsere biyu daga makarantar Simon Gratz a Philadelphia, Tai Kwan Cureton da Leatrice Shaw, suna cikin waɗanda suka kai ƙara. Shaw ita ce ta biyar a aji mai ɗalibi 305, amma SAT ta hana ta gudu a shekarar farko. A Maris 1999 alƙali Ronald Buckwalter ya ba su gaskiya. A Disamba kotun ɗaukaka ƙara ta rushe hukuncin, ba don ta ce jarrabawar adalci ce ba, sai don ta ga dokar da aka kafa hujja da ita ba ta hau kan NCAA ta wannan fuskar ba. Duk da haka a 2003 hukumar ta cire wancan ƙasan makin, ta bar sikelin kawai. Daga 1983 zuwa 2023, shekara arba'in cur ana wannan ja-in-ja, Dogo ya zo a ƙarshenta ya tsinci dami a kala.

Ta biyar cikin 305. Wannan ne ya tsaya mini a rai. Ina da ɗalibai irinta, na san su da fuska.

To, mun huta da SAT, amma tsugune ba ta ƙare ba. Rajistar ɗalibin waje dala 160 ce a lokacin. Fabrairun 2023 ne, ana tsakiyar wahalar canjin kuɗi, mutane na kwana a layin banki, katin naira kuma ba ya biyan komai a waje. Wani tsohon ɗalibina da ke Ingila ya biya mana, na tura wa mahaifiyarsa naira.

Sai jerin takardu ya fito. Suna son sakamakon kowace shekara tun daga shekara ta tara ta karatu. A Amurka babbar sakandare shekara huɗu ce, aji tara zuwa sha biyu. A tsarinmu na shida, uku, uku, shekara ta tara ita ce aji uku na ƙaramar sakandare. Wa ke ajiye rifot ɗin aji uku? Na tambayi Yaya, ta ce a ƙarƙashin katifa yake, da aka canza katifar bara aka share komai.

Babbar sakandaren ba ta ba mu wahala ba, don mai kuɗi ce, makinta a kwamfuta yake. Ƙaramar kuwa ta gwamnati ce a wata unguwa. Na je sau huɗu. A na huɗu shugaban makarantar ya gaji da ni, ya ba masinja makulli ya ce ya kai ni sito. Iska ta ɗage kwano ɗaya tun wata damina, ba a mayar ba. Littattafan maki jibge a ƙasa, waɗanda ke ƙasa sun zama ƙasa. Na ɗago na shekarar su Dogo, bangon ya taho a hannuna, cikin ya zube. Gara ta ci daga tsakiya ta bar gefe, kamar an ƙwaƙule ƙwarya. Sunayen yara suna nan a layi, wurin makin babu. Na ga sunansa, na ga lambarsa, na ga rami.

Na tsaya riƙe da bangon littafin ina tunanin shugabannin jami'o'in nan na 1983. Yaron bai faɗi komai ba tukuna. Rufin makarantarsu ne ke neman kayar da shi.

Masinjan ne ya cece mu. Ya ce, "Malam, ka je wajen tsohon malamin jarrabawa, wanda ya yi ritaya. Shi ba ya yarda da sito." Na same shi a zaurensa yana gyaran rediyo. Muka gaisa, na ce, "Baba, wata alfarma ta kawo ni." Bai bari na ƙarasa ba, ya aika jikansa ya jawo akwatin ƙarfe. Kwafin babban littafin maki na shekara goma sha ɗaya, da rubutun hannunsa, kowanne a cikin leda da ƙwayar kafur. Ya ce tun da aka taɓa zarginsa da canza wa wani yaro maki ya rantse ba zai ƙara zama ba shaida ba. Na ba shi na goro, ya ƙi karɓa, sai da na ce na jikan ne.

Aka buga sakamakon a takardar makaranta, shugaba ya sa hannu da hatimi a kowane shafi. Takardu daga hannun makaranta ake so su fito, ba daga hannun ɗalibi ba, makarantar kuma ba ta da adireshin imel. Aka rufe ambulan, aka buga hatimi a bakinsa, na kai Kaduna na aika ta kamfanin kai saƙo. Kuɗin ya fi rabin albashina. Sannan aka gano sunan mahaifinsa iri uku ne: wani rubutu a fasfo, wani a takardar aji uku, wani a takardar haihuwa. Kotu, takardar rantsuwa, wani mako biyu.

Ana cikin haka Madam ta zauna da mu ta yi lissafin gwaji. Makin da Dogo ya fi alfahari da shi, A1 a kiwon dabbobi, ta ce kada mu sa rai da shi, don darussan sana'a da na motsa jiki ba sa shiga ginshiƙi. Ya ce, "Kawu, to me ya sa aka tilasta mana shi?" Ban da amsa. Abin da ya rage C ne da yawa, B kaɗan. Lissafinta ya tsaya a bakin 2.3, ko sama kaɗan ko ƙasa kaɗan, gwargwadon yadda ofishin Indianapolis zai juya makinmu zuwa nasu.

Ɓangaren kuɗin wasa ma ya so ya kawo cikas. Tambayoyin suna da yawa: wace ƙungiya ka buga wa, ka sa hannu a kwantiragi, an biya ka, kana da wakili? Dogo ya buga wa wata ƙungiya a gasar jiha, ana ba su naira dubu biyar na mota da abinci, an kuma ba shi takalmi. Ya ce kada mu rubuta. Na ce za mu rubuta har takalmin. Kuɗin da bai wuce ainihin ɗawainiya ba halal ne a dokarsu ta lokacin, abin da ya haura shi ne matsala. Enes Kanter, ɗan Turkiyya, an haramta masa buga wa Kentucky har abada saboda dala dubu 33 da 'yan kai da aka ce ƙungiyar Fenerbahçe ta ba shi fiye da ɗawainiya. Dubu biyar ɗinmu ba ta kai ko'ina ba, ɓoye ta ne zai zama laifi. Akwai kuma wani mutum mai ƙamshin turare da ya zo gidan Yaya da takarda, wai zai zama wakilin yaron, kashi ashirin kawai. Allah ya sa ta ce sai ƙanenta ya gani. Da an sa hannu, magana ta ƙare.

Agogo kuma yana tafiya. A lokacin, a ƙwallon kwando shekara ɗaya ake ba ka bayan gama sakandare. In ka wuce ta kana buga gasa ba ka shiga jami'a ba, za a fara yanke maka shekarun wasa. Zangon Agustan 2023 shi ne namu.

Wata rana kocin ya kira don ya kwantar mana da hankali, Madam tana kan layi. Cikin raha ya ce shi ba ya damuwa da yaran Afirka, ba sa ba shi matsala a aji. Na ji daɗi, har na yi godiya. Ita ba ta ce komai ba, ta sunkuyar da kai tana rubutu. Sai da na kashe wayar na tambayi kaina: ba sa ba da matsala, ba kamar su wa ba? An yabe mu ne da bakin da aka zagi wanta. Bai sani ba cewa yaron da yake yabo ma da taimakon akwatin wani tsoho yake tsaye.

A fom ɗin jami'ar akwai wurin da ake tambayar launi. Dogo ya kalle ni. A Zariya shi Bahaushe ne, in an matsa a ce Bazazzagi, in an ƙara matsawa a faɗi unguwarsu. Bai taɓa zama "baƙi" a takarda ba sai ranar. Ya danna, muka wuce.

Har yanzu ban sauka daga ra'ayina gaba ɗaya ba. Na ga yadda tsoron 2.3 ya sa yaron da ba ya buɗe littafi ya zauna wata biyu a ƙarƙashin fitila. Kuma cire jarrabawa bai hana cuta ba, kamar yadda sa ta bai hana ba. A jami'ar North Carolina, binciken da aka fitar a 2014 ya gano ɗalibai kusan 3,100, kusan rabinsu 'yan wasa, sun ɗauki darussan da ba a shiga aji tsawon shekara 18, duk a zamanin da SAT ke aiki. Ana tsare ƙofar shiga da sanda, a ciki kuma ba mai tambaya ko yaro yana koyon wani abu. Amma in aka ce mini in zaɓa tsakanin makin shekara huɗu da na safiya ɗaya, yanzu na san wanda zan ɗauka, ko da yake na shekara huɗun ma gara tana iya cinye shi.

Ranar 1 ga Afrilu ake buɗe neman hukuncin ƙarshe na ɓangaren kuɗin wasa, muka danna tun da asuba. Na karatun ya ɗauki lokaci. Kullum Dogo ya buɗe shafin, kullum "ana dubawa". Yaya ta daina tambaya, sai dai in na shigo ta kalli fuskata. Cikin watan Yuni, ina tsakiyar darasi a aji biyar, waya ta yi ta rawa a aljihuna. Na fita baranda.

"Kawu, 2.41."

Na ce ya sake karantawa. Ya sake. Tazarar ba ta kai faɗin farce ba, kuma da na yi nawa lissafin daga baya, B biyun da ke cikin littafin tsohon nan, na Turanci da na kimiyya, su ne suka ɗaga shi.

Sauran hanyar kuɗi ce da layi. Takardar I-20 daga jami'a, wato shaidar ta ɗauke shi wadda ake neman biza da ita, dala 350 na rajistar ɗaliban waje, dala 185 na biza, wanda aka ƙara daga 160 a watan Yunin nan, daidai lokacin da aka saki naira ta faɗi. Yaya ta sayar da saniyarta. A ofishin jakadanci a Abuja hirar ba ta kai minti uku ba. Ya tashi a Agusta da jaka ɗaya, da yaji da kilishi waɗanda na gaya masa ba za a bar shi ya shiga da kilishin ba, bai ji ba, aka kuwa karɓe.

A shekarar farko mintunansa a fili ba su da yawa. Ya fi yi mini ƙorafin awannin karatu na dole da ake sa 'yan wasa, da sanyi. Madam ta aiko mini da hoton sakamakonsa na zangon farko da izininsa, B a lissafi. Na buga shi na kai wa tsohon malamin jarrabawa, ya sa tabarau ya duba, ya buɗe akwatin ya saka a ledar shekararsu.

Watan jiya wani mutum ya same ni a ofishin malamai, yana jan wani yaro da sai da ya sunkuya a bakin ƙofa. Ya ce an ce ni na san hanyar Amurka. Ya fara ba ni labarin yadda yaron ke zura ƙwallo, na ɗaga masa hannu.

"Alhaji, ina rifot ɗinsa na aji uku?"